Mai Haƙuri Yakan Dafa Dutse: To, Me Ke Samun Dutsen?

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiyar tsofaffin ɗalibai a garin Achika



Hausawa kan ce mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa. Yau ina so mu bar zancen romon, mu duba abin da ke samun shi kansa dutsen idan ya sha wuta, domin da yawanmu mun kai lokacin gina gida, wasu kuma an ɗora musu amanar ginin makaranta ko masallaci.

Dutsen da nake nufi shi ne giranait, watau dutsen nan mai ɗigo-ɗigon fari da baƙi ko ja-ja, irin wanda ake gani jibge a Rano da Birnin Kudu. Shi ake sassaƙawa a yi dutsen niƙa, shi kuma ake fasawa a sami tsakuwar da ake kwaɓa kankare da ita.

Ƙarfin dutse iri biyu ne. Akwai ƙarfin jure danni, akwai kuma ƙarfin jure ja. Giranait gwani ne wajen ɗaukar nauyi, amma idan aka ja shi, ko aka nemi tanƙwara shi, ƙarfinsa bai cika wuce kashi 1 cikin 10 na wancan ba. Masana suna auna wannan ƙarfi da wata dabara da wani injiniya ɗan ƙasar Brazil, Fernando Carneiro, ya fito da ita a 1943. Akan yanko dutse a kewaye kamar faifai, a tsai da shi a kan gefensa, a matse shi da inji har ya tsage biyu. Gwargwadon matsin da ya jure, gwargwadon ƙarfinsa.

To, ina wuta ta shigo? Giranait haɗin gambiza ne na ƙwayoyi iri uku: kwaz mai kama da gilashi, da felsfa mai fari ko ja-ja, da maika mai walƙiya. Kowane abu yakan buɗe in ya ji zafi, amma waɗannan ukun ba sa buɗewa daidai da juna, kwaz ya fi saura. Saboda haka sai su riƙa turereniya, har ƙananan tsagogi waɗanda ido ba ya gani su bayyana a tsakaninsu. Zafin da bai wuce digiri 200 a ma'aunin Salshiyas ba, ɓarnarsa kaɗan ce. Daga nan sai ƙarfin ya riƙa raguwa. A digiri 573 kuwa, tsarin cikin kwaz yakan sauya, ya kumbura farat ɗaya. Dutsen da ya kai digiri 600 yakan rasa fiye da rabin ƙarfinsa na jure ja, wutar itace kuwa tana iya kaiwa nan.

Jama'a, ga inda gizo ke saƙar: dutsen zai huce, amma tsagogin ba sa haɗewa. A ido lafiya lau, ciki kuwa ya ruɓe. In kuma aka kwara masa ruwa yana da zafi, sai fatarsa ta tsuke da sauri alhali cikinsa na nan a buɗe, tsagar ta ƙaru. Matan da ke girki a murhu sun daɗe da sanin haka, don suna ganin yadda duwatsun ke ɓarewa.

Masu fasa dutse ma da wannan ilimi suke cin abinci. Sukan hura wuta a kan falalen dutse, samansa ya buɗe, ƙasansa na da sanyi, sai ya ɓanɓaro falle-falle, sa'an nan su bi shi da guduma. Dabarar tsohuwa ce. Wani masani Bajamushe, Agricola, ya bayyana ta a littafinsa na haƙar ma'adinai a 1556, kuma an yi ta amfani da ita a ramukan azurfa na Kongsberg, a ƙasar Norway, har wajen 1890.

Daga wannan bayani ina da shawara uku. Ta farko, mai sayen tsakuwa ya tambayi yadda aka fasa ta. Ɓangaren da wuta ta ci kai tsaye shi ne mafi rauni, kada a sa shi a dakin ko ginshiƙi. Ƙwanƙwasa dutse da guduma: lafiyayye yakan yi amo, kamar duwatsun nan masu amo na Birnin Kudu, ƙonanne kuwa muryarsa a dushe take, yakan marmashe, yana kuma shan ruwa.

Ta biyu, ginin da ya yi gobara kada a shafe shi da fenti a koma ciki. Tsakuwa da siminti da rodi duk sun sha wuta. A kira injiniya ya duba, ga jami'ar kimiyya da fasaha nan kusa da mu a Wudil tun 2001.

Ta uku, mu tausaya wa 'yan'uwanmu masu wannan sana'a. Hayaƙin tayar da wasu ke ƙonawa guba ne, ƙurar kwaz kuma tana lalata huhu, cutar da ba ta warkewa. Ƙungiyarmu na iya wayar musu da kai su riƙa yayyafa ruwa a wurin fasawa, su kuma rufe hanci da baki da takunkumin ƙura na ainihi. Rigakafi ya fi magani.

Malamanmu, ku kuka koya mana cewa zafi na buɗa abu, sanyi na tsuke shi. Allah ya saka muku da alheri, ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya.