Shekarun Iyaye da Basirar Ɗa

Ya ku iyaye maza da mata, kakanni, ungozomomi da malaman asibiti, na nan Garwa da na garuruwan da ke kewaye da ita, tun daga Pitoa da Gider har zuwa Yola da Mubi a ƙetaren iyaka.

Akwai maganar da ba ta ƙarewa a zaurukanmu da tsakar gidajenmu. In yaro ya tashi da kaifin basira, sai a ce ai ɗan ƙuruciya ne, an haife shi jinin iyayensa na tafasa. In ya tashi da sanyin jiki ko nauyin fahimta, sai a ce ɗan tsufa ne. Auta an yanke masa hukuncin shagwaɓa tun yana cikin zanen goyo, ɗan fari kuwa an ce ba ya rasa wauta. Tambayar da za mu duba tare ita ce: shin shekarun uwa da uba a ranar haihuwa suna taɓa hankalin ɗa da halinsa? Amsar a taƙaice ita ce suna taɓawa, amma ta hanyoyin da yawancinsu ke hannunmu.

Uwar da ba ta gama girma ba

Mu fara da abin da ya fi yawa a ƙasarmu. Babban binciken lafiyar al'umma da aka yi a Kamaru a 2018 ya nuna cewa kashi 24 cikin 100 na 'yan mata masu shekara 15 zuwa 19 sun riga sun haihu ko suna ɗauke da cikin fari. Kowa a cikinku ya san irin wannan yarinya, ko a gidansa ko a maƙwabta.

Yarinya 'yar shekara 14 ko 15 jikinta bai gama ginuwa ba. Ƙashinta yana neman abinci, jininta yana neman abinci, sai ga ɗan tayi shi ma yana nema, duk daga tukunya ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa masu haihuwa ƙasa da shekara 20 sun fi masu shekara 20 zuwa 24 fuskantar jijjigar masu ciki da ciwon mahaifa bayan haihuwa, jariransu kuma sun fi zuwa bakwaini, wato kafin mako 37, ko da nauyin da bai kai kilo 2.5 ba. In ƙugu bai buɗe ba, naƙuda takan yi tsawo. Uwa tana iya tashi da yoyon fitsari, jariri kuma yana iya rasa isasshiyar iska a ƙwaƙwalwarsa na wasu mintuna, ya zauna da tabon hakan har tsufansa.

A 2015 wasu masana sun wallafa sakamakon bibiyar mutum sama da 19,000 da aka riƙa aunawa tun daga haihuwa har girma a ƙasashe biyar: Brazil, Guatemala, Indiya, Filifin da Afirka ta Kudu. Sun ga cewa 'ya'yan matan da suka haihu da shekara 19 ko ƙasa da haka sun fi tsumburewa a shekara 2, sun kuma fi kasa kammala makarantar sakandare. Wannan ba laifin yarinyar ba ne, kuma ba rashin basira aka gada daga gare ta ba. An cire ta daga makaranta, an ɗora mata reno alhali ita ma tana buƙatar reno. Shi ya sa dokar hukunta laifuka ta Kamaru ta 2016 ta tanadi hukunci ga wanda ya aurar da yaro ko yarinya kafin shekara 18. Manomin auduga ba ya tsinkar ƙwallon da bai fashe ba, domin ya san asararsa zai yi.

Uwar da ta manyanta

Mace ana haihuwarta da dukkan ƙwayayen haihuwar da za ta yi amfani da su a rayuwa, suna kuma tsufa tare da ita. A cikin kowace ƙwayar halittar ɗan Adam akwai igiyoyin gado 46, rabi daga uwa, rabi daga uba. Wani lokaci wajen rabon sai a sami kuskure, igiya ta 21 ta zo sau uku maimakon biyu. Wannan shi ne asalin lalurar da ake kira da sunan likitan Ingila John Langdon Down, wanda ya bayyana ta a 1866. A 1933 Lionel Penrose ya tabbatar da cewa tana ƙaruwa da shekarun uwa, a 1959 kuma masana a Faransa suka gano ƙarin igiyar. Ga mace 'yar shekara 25, haɗarin bai kai 1 cikin 1,000 ba. A shekara 35 yakan kai wajen 1 cikin 350, a shekara 40 wajen 1 cikin 100, a shekara 45 kuma wajen 1 cikin 30.

Ku sake duba lissafin da kyau. Ko a shekara 40, cikin mata 100, kimanin 99 za su haifi 'ya'yan da ba su da wannan lalura. Wanda aka haifa da ita kuma ba aikin iska ba ne, ba kambun baka ba ne, ba kuma hukunci ne a kan uwarsa ba. Yaro ne mai jinkirin koyo, wanda yake koyo in an koya masa, kuma yana buƙatar likita ya duba zuciyarsa tun yana jariri, domin da yawansu sukan zo da matsala a nan. Ɓoye shi a ƙuryar ɗaki shi ne babban zalunci.

Abin da ya fi barazana ga mace mai shekara 35 zuwa sama a yankinmu shi ne hawan jini, ciwon suga, da zubar jini bayan haihuwa, musamman in wannan shi ne ciki na takwas ko na tara a jere ba hutu.

Darasi daga Birtaniya

Ga wani labari da ya kamata mu tsaya a kansa. Masana a Birtaniya sun kwatanta rukuni uku na yara: waɗanda aka haifa a 1958, da na 1970, da na wajen 2001. Duk an yi musu gwajin fahimta suna da shekara 10 ko 11. A rukunin 1958 da na 1970, 'ya'yan mata masu shekara 35 zuwa 39 sun ɗan gaza 'ya'yan masu shekara 25 zuwa 29. A rukunin 2001 sai lamarin ya juya, 'ya'yan manyan mata suka wuce gaba. Jikin mace bai canja ba cikin shekara 40. Abin da ya canja shi ne wace ce ke haihuwa a wannan shekaru. A da, mai haihuwa a shekara 37 galibi matalauciya ce da ke kan ɗa na biyar ko na shida. Daga baya sai ta zama mace mai ilimi da sana'a, da ke kan ɗan fari ko na biyu.

Ma'anar wannan a gare mu a fili take. Sau da yawa abin da muke ɗora wa shekaru, na talauci ne, na gajiyar jiki, da na rabon ƙwarya ɗaya tsakanin bakuna goma.

Shekarun uba

Iyaye maza, an daɗe ana ɗora wa mata komai, to ga naku kason. Namiji ba ya daina ƙera iri, kuma ƙwayoyin da ke ƙera shi suna rabuwa sama da sau 20 a kowace shekara. Ku ɗauki misalin mai kwafar littafi da hannu, yana kwafa daga kwafin da ya gabata shekara da shekaru. Dole a sami ɗigon da ya kauce. A 2012 wani bincike da aka yi a kan iyalai 78 a ƙasar Aisland ya nuna cewa kowace shekara da uba ya ƙara tana ƙara wa ɗansa kimanin sababbin sauye-sauye biyu a rubutun gadonsa. Mafi yawansu ba sa cutarwa ko kaɗan. Amma wani bincike na Suwidin da aka wallafa a 2014, wanda ya duba yara sama da miliyan 2.6 da aka haifa daga 1973 zuwa 2001, ya ga cewa 'ya'yan maza masu shekara 45 zuwa sama sun fi fuskantar otizim, lalurar da ke nauyaya wa yaro magana da cuɗanya, da kuma rashin natsuwa da wasu larurorin ƙwaƙwalwa. Duk da haka waɗannan larurori ba su da yawa, kuma akasarin 'ya'yan dattawa lafiya lau suke tashi.

Akwai lissafin da ya fi wannan nauyi, wanda ba sai an je asibiti ba. Wanda ya haihu yana da shekara 65, ranar da ɗan zai shiga sakandare shi yana dab da 80. Wa zai biya kuɗin makaranta? Wa zai tsaya wa uwar yaron, wadda sau da yawa ita ce ƙarama a gidan? Rai na Allah ne, amma tanadi aikin mai hankali ne.

Hali fa?

A nan shaida ta yi rauni ƙwarai ga masu cewa shekarun iyaye ko jerin haihuwa su ke yanke halin mutum. A 2015 masana a Jamus sun duba bayanan mutum sama da 20,000 daga Amurka, Birtaniya da Jamus, ba su ga wani bambanci na a zo a gani ba tsakanin ɗan fari, na tsakiya da auta ta fuskar fara'a, haƙuri, riƙon amana ko saurin damuwa. Ta fuskar gwajin basira an ga ɗan fifiko kaɗan ga 'yan fari, akasin abin da muke faɗa. Wani bincike na Nowe a 2007 ya ƙara haske: ɗa na biyu da wansa ya rasu yana ƙarami, aka rene shi a matsayin babba, sakamakonsa yakan yi daidai da na 'yan fari. Ke nan sirrin yana cikin kulawar da yaro ya samu. In auta ya shagwaɓe, mu muka shagwaɓa shi.

Wannan ya kawo mu ga al'adar kunyar ɗan fari, wadda Hausawa da Fulani muka yi tarayya a kanta. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane. Kunya ado ce, ba kuma muna cewa a yar da ita ba. Amma ƙwaƙwalwar jariri da magana take ginuwa, kuma kafin ya cika shekara 3 ta kai kusan kashi 80 cikin 100 na girman ta babba. In kunya ta hana ki a tsakar gida, ki yi masa hira a ɗaki. Kaka da goggo kuma su cike gurbin a waje.

A Kingston ta ƙasar Jamaika, a 1986 da 1987, an ɗauki yara 129 da suka tsumbure. Wasunsu an riƙa kai musu ziyara gida sau ɗaya a mako har shekara 2, ana nuna wa uwa yadda za ta yi wasa da hira da ɗanta, da kayan wasan da aka haɗa a gida. Bayan shekara 20, waɗanda aka yi wa ziyarar suna samun kuɗin shiga da ya fi na sauran da kimanin kashi 25 cikin 100. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Abin da ke hannunku

Ku bar yarinya ta kai shekara 18 kafin aure da ciki, ku bar ta a makaranta. Ilimin uwa gado ne da ɗa ke ci tun yana goye.

Ku ba da tazarar aƙalla wata 24 tsakanin haihuwa da ɗaukar wani ciki. Kakanninmu sun san illar kwanika tun kafin zuwan asibiti.

Mai ciki ta fara awo tun watannin farko, ta yi ƙoƙarin zuwa sau 8 kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara tun 2016. Ta sha ƙwayoyin ƙarin jini kullum, ta karɓi maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro, ta kwana cikin gidan sauro. A jihohin Arewa, Arewa Mai Nisa da Adamawa an kafa shirin takardar lafiya ta masu ciki, wadda ake saya sefa 6,000, ta ɗauki nauyin awo, haihuwa, tiyata in ta kama, da kula da uwa da jariri har kwana 42. Ku tambaya a cibiyar lafiya mafi kusa da ku.

Mai ciki ƙasa da shekara 18, da wadda ta haura 35, da wadda ta haihu sau biyar ko fiye, su haihu a asibiti. Maigida ya tanadi kuɗin mota tun wata na bakwai, musamman mazauna ƙauyukan bakin Binuwai da hanya kan yanke musu da damina. Ciwon kai mai tsanani, kumburin fuska, dishi-dishin gani ko zubar jini ba a kwana da su a gida.

Ku yi girki da gishiri mai sinadarin aidin, domin rashinsa yana dakushe ƙwaƙwalwa tun a ciki. Jariri ya sha nonon uwa zalla wata 6, sannan a ƙara masa kunun gyaɗa, wake, ƙwai, kifi da zogale. Ku karɓi maganin rigakafin zazzaɓi da ake raba wa yara gida-gida da damina, ku kuma cika alluran rigakafi. Zazzaɓin da ya hau kai yana iya ɓata abin da shekarun iyaye ba su ɓata ba.

Iyaye, wanda aka riga aka haifa ba za a mayar da shi ciki a sake zaɓar masa shekara ba. Ko kin haife shi kina da 16, ko kina da 42, ko ka same shi da furfura a gemu, kada ku kira shi dolo a gabansa, kada ku yanke masa ƙauna. Ku ciyar da shi, ku yi masa magana, ku kai shi makaranta. Wadda ba a aurar ba tukuna kuwa, shekarunta suna hannunku. Ku kai wannan takarda zaure da gidan suna, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Allah ya raya mana zuriya, ya sauki masu ciki lafiya.