Mu San Jikinmu: Ƙwaƙwalwa, Laka da Jijiyoyi

Yau za mu yi magana a kan abin da ke sa mu ji, mu gani, mu motsa, mu yi tunani. Idan muka gane yadda yake aiki, za mu san ciwon da ba a kwana da shi a gida.

Yadda aka shirya jiki

A Hausa kalmar jijiya tana nufin abubuwa da dama. Akwai jijiyar jini, akwai wadda ke ɗaure tsoka da ƙashi, akwai kuma mai kai saƙo. Maganarmu a kan ta uku ce.

Ƙwaƙwalwa tana cikin ƙoƙon kai. Ta babban mutum ba ta cika kai kilo ɗaya da rabi ba. Daga ita laka ta sauko ta cikin ƙashin baya. Jijiyoyi 31 suna fita daga laka ta dama, 31 ta hagu, su bazu har yatsun hannu da ƙafa. Wasu suna kai labari sama: zafi, sanyi, ciwo. Wasu suna kawo umarni ƙasa: miƙa hannu, ɗaga ƙafa. Wasu kuma suna lura da bugun zuciya da narkar da abinci ko muna barci.

In mace ta taɓa tukunya mai zafi, takan janye hannu tun ba ta ji zafin sosai ba. Laka ce ta ba da wannan umarni, ba ta jira ƙwaƙwalwa ba. Haka kuma ɓangaren dama na ƙwaƙwalwa shi ke tafiyar da hagun jiki. Shi ya sa in hawan jini ya fasa jijiyar jini a gefe ɗaya na ƙwaƙwalwa, ɗaya ɓarin jikin ne ke shanyewa.

Cututtukan da muka sani

Sanƙarau. Ƙwaƙwalwa da laka suna naɗe cikin tantani hawa uku. In ƙwayar cuta ta shiga, tantanin ya kumbura, sai wuya ya sandare. Ya fi yawa daga hunturu zuwa bazara. A 1996 ya kashe fiye da mutum 11,000 a Nijeriya. A 2017 ya sake ɓarkewa, Sakkwato da Zamfara suna cikin jihohin da suka fi shan wahala. Wasu da suka tsira sun kurumce. Zazzaɓi mai zafi, ciwon kai, sandarewar wuya, ko kumburin maɗiga a jariri: a tafi asibiti nan take, ko da dare ne.

Shan inna. Ƙwayar cuta ce ke lalata wurin da umarnin motsi ke fita a laka. In ƙafa ta shanye, da wuya ta dawo. A 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da asalin cutar, amma wani nau'inta yana ɓullowa inda ba a yi wa yara rigakafi ba. Kada mu ɓoye yara daga masu ɗiga magani.

Farfaɗiya. Saƙonnin ƙwaƙwalwa ne ke rikicewa na ɗan lokaci. Ba a ɗaukarta ta yawu ko taɓawa, kuma magani yana tsayar da ita ga yawancin masu ita. A Sakkwato akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, a Kware kuma akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya.

Abin da za mu yi

• In mutum ya faɗi yana jijjiga, mu kawar da shi daga wuta da ruwa, mu kwantar da shi ta gefe. Kada a sa masa cokali a baki, kada a ɗura masa komai.
• In an yi haɗarin kabu-kabu, kada a naɗe mutum a jefa shi mota. A ɗauke shi a miƙe bisa katako, kai da wuya ba sa motsi.
• Mu sa hular kwano. Manya su riƙa auna hawan jini.

Tambayoyi don tattaunawa

• In yaro ya kamu da sanƙarau da tsakar dare, wa ke da abin hawa a ƙauyenmu, kuma ina kuɗin mai zai fito?
• Akwai yaron da aka cire daga makaranta saboda farfaɗiya? Wa zai je ya yi magana da iyayensa da malamansa a wannan mako?