Jawabin Kwamitin Gini A Kan Ɗakin Mata Da Ƙananan Yara

 



Duk wanda ya dubi zanen ginin nan zai ga wani ɗaki daga gefen kudu, ƙofarsa tana duban hanya. Mun ji ana tambaya, me ya kawo ɗakin masu ciki da jarirai cikin ginin masallaci, alhali ko kuɗin hasumiya bai cika ba? Masu tambayar da dukiyarsu za a yi ginin, sabo da haka wajibi ne mu ba su amsa a bainar jama'a.

Malaman tarihi sun ruwaito cewa a zamanin Halifa Umar ɗan Haɗɗabi, Allah ya ƙara masa yarda, watau daga shekara ta 13 zuwa ta 23 bayan Hijira, baitulmali ba ya yanka wa yaro rabo sai an yaye shi. Wani dare Halifa yana gadin wani ayari da ya sauka Madina, sai ya ji kukan jariri ya ƙi ƙarewa. Da ya bincika, ashe uwar ce ke son yaye shi tun lokaci bai yi ba, don ya shiga cikin masu samun rabo. Da gari ya waye ya sa aka yi shela, kowane ɗa yana da rabonsa tun daga ranar haihuwa. Taimakon nan da ma akwai shi, amma da ya ke a makare ya ke zuwa, sai ya koma yana cutar wanda aka yi shi dominsa.

To, mu ma haka namu ya ke. A unguwar nan ba a rasa mai kawo gudummawa ran suna, ba a kuma rasa mai haƙa kabari in yaro ya rasu. Tsakanin ranakun nan biyu ne a ke barin uwa ita kaɗai. Likitoci kuwa sun nuna cewa kwana 1,000 na farko, daga ɗaukar ciki zuwa cikar shekara 2, su ne harsashin jikin mutum da ƙwaƙwalwarsa, yaron da ya tsumbure cikinsu da wuya ya murmure sarai. Shekara biyun nan na shayarwa ai Alƙur'ani ya ambace su a Suratul Baƙara, aya ta 233.

Ɗakin nan ba asibiti ba ne, ba kuwa za a sayar da magani a ciki ba. Nufinmu mu roƙi ƙaramar hukuma ta riƙa turo ma'aikaciyar jinya sau ɗaya a mako, ta yi awon ciki, ta yi allurar rigakafi bisa ƙa'ida, bayan ta haihuwa a yi ta mako 6 da 10 da 14, ta ƙyanda kuma a wata 9. Za ta auna damtsen yaro da ɗan zare mai launi. Wanda ya kai wata 6, in damtsensa bai kai santimita 11.5 ba, tamowa ta yi tsanani, sai a garzaya asibiti ran nan. Za a kuma yi bayanin nono zalla har wata 6, ko ruwa babu. Mun san kakanni za su ja da wannan, su ma a zo da su.

Kada a raina abin da masallaci ke iyawa. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano sabo da zargi, cutar ta bazu har ƙasashen waje. Da sarakuna da limamai suka shiga gaba, iyaye suka buɗe ƙofa, a 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar.

Akwai kuma magidancin da tukunyarsa ta kwana biyu ba ta hau wuta ba, kunya ta hana shi faɗa. Za a ajiye hatsin zakka ƙarƙashin kulawar Liman da Mai Unguwa, a kai masa da dare, ba wanda ya gani.

Roƙonmu ga masu ba da gudummawa, ku yarda a rufa ɗakin nan tare da masallaci, hasumiya ta jira kaka mai zuwa. Magidanta kuma, ranar awo ku ba iyali izini su fito.