Amanar Alƙalami: Ƙa'idojin Bincike ga Ɗalibin Kan Iyaka

Laccar da aka gabatar ga ɗaliban manyan makarantu 'yan asalin Jibiya



Da yawanku kuna gab da fara rubuta kundin kammala karatu, wasu a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, wasu a Al-Qalam, wasu a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma. An riga an shimfiɗa muku tsarin: gabatarwa, bitar ayyukan da suka gabata, hanyoyin gudanar da bincike, nazarin abin da aka tattaro, kammalawa, sannan manazarta. Duk wannan tsari abu ɗaya yake karewa: duk maganar da ka rubuta, ka nuna inda ka samo ta, yadda wani zai iya bin sawunka ya gaskata ka ko ya ƙaryata ka.

Mu mutanen Jibiya mun san wannan. In motar kaya ta iso Magama, jami'in kwastan takarda yake nema: daga ina, na wa, nawa ne? Haka malamin da ke duba aikinka. Jimlar da ba ta da madogara, kayan fasa-ƙwauri ce, komai kyanta. Kuma ƙa'idar ta daɗe a gidanmu. Malaman hadisi ba sa karɓar ruwaya sai da isnadi, kuma a Katsinar su Wali Ɗan Marina da Ɗan Masani, ɗalibi kan faɗi wanda ya karantar da shi littafi kafin a saurare shi.

Bari mu ɗauki misali. Ɗalibi ya rubuta cewa rufe boda ya jawo tsadar hatsi a Jibiya. A majalisar mai shayi kowa zai gyaɗa kai, amma ranar kare kundi tambaya za ta biyo baya: wace rufewar? Ta watan Agustan 2019, wadda Jibiya ba ta fita cikinta ba sai Afrilun 2022? Ko ta bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, wadda Nijeriya ta ɗage a Maris ɗin 2024? In ta biyun ce, ai a shekarar 2023 aka cire tallafin man fetur, darajar naira ta faɗi, ga 'yan bindiga sun hana manoma da yawa zuwa gona. Yaya ka rarrabe laifin boda da na waɗannan? Mai bincike ba ya ɗora wa dalili ɗaya kayan dalilai huɗu don kawai shi ne ya fi daɗin faɗa.

To, in za ka amsa, ka shiga kasuwa ranar Lahadi da littafi da biro. Ka tsuguna gaban mai awo, ka rubuta kwanan wata, da irin hatsin, da ma'aunin: tiya ce ko buhu, farashin sari ne ko na ɗaiɗai, da naira aka biya ko da sefa, kuma nawa 'yan canji ke sayar da jakar sefa a ranar. Kada ka tsaya ga mutum ɗaya. Ka koma da kaka, ka sake komawa da bazara, domin farashin gero ba ya kwana wuri ɗaya. Wannan shafin da ya sha ƙura ya fi shafi hamsin da aka kwafo daga intanet daraja. Gani ya kori ji.

Akwai kuma haƙƙin wanda ka yi hira da shi. A nan kan iyaka za ka zauna da mai ɗaukar jarkokin fetur a kan babur, da direba, da matar da aka koro daga ƙauyensu. Ka gaya musu ko kai wane ne da abin da za ka yi da maganarsu. Kada ka naɗi muryar kowa sai da izininsa, kuma ka sakaya sunan duk wanda bayyana shi zai jefa cikin haɗari. Shi kuwa wanda ya shige ɗaki ya cike takardun tambayoyi da hannunsa, ko ya sayi tsohon kundi a shagon kwamfuta ya sauya bango, ya ci amanar malaminsa da garinsu gaba ɗaya, domin gobe wani zai dogara da wannan ƙaryar ya yanke wa jama'a hukunci.

Babin bita ma ba jeren sunaye ba ne. Ka karanta waɗanda suka riga ka, ka faɗi inda suka tsaya, ka nuna giɓin da za ka cike. Marigayi Dakta Yusufu Bala Usman ya kammala digirinsa na uku kan tarihin Katsina a Jami'ar Ahmadu Bello a 1974, ya haɗa rubuce-rubucen Larabci da hirar dattawa, yana auna kowace majiya kafin ya yarda da ita. Polly Hill ta zauna Ɓatagarawa ta nazarci manomanta, littafinta ya fito a 1972. Emmanuel Grégoire ya rubuta kan Alhazan Maraɗi da Faransanci a 1986. Tarihinmu da cinikinmu ba su tsaya a kan iyaka a Ɗan Isa ba, don haka karatunku ma kada ya tsaya nan. Ku nemi 'yan'uwanku na Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi, ku yi musayar abin da kowa ya karanta.

'Yan'uwa, layin dogon Kano zuwa Maraɗi ta Jibiya zai ratsa, kuma zai sauya ciniki da zaman garin nan. In ba ku rubuta yadda abubuwa suke a yau ba, waɗanda za su zo bayanku ba su da abin kwatantawa. Kuna da harshen, kun san mutanen, kuma da ɗan gari akan ci gari. Ku zaɓi ƙaramin batu, ku taka da ƙafarku, ku bambance ra'ayinku da hujjarku, ku karɓi jan biron malami da haƙuri, ku ba kowane mai magana haƙƙinsa. Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya dawo mana da zaman lafiya.