Tafiya da Tsayuwa a Cikin Ibadar Thelema

 Abin da za mu yi magana a kansa yau shi ne wata ibada ta wani ƙaramin addini na Turawa mai suna Thelema, da yadda masu gudanar da ita suke tafiya, da tsayuwa, da durƙuso. Mun zaɓe ta ne saboda an san wanda ya rubuta ta, da shekarar da ya rubuta, da wurin da ya aro kayanta. Saboda haka a cikinta mai nazari yana iya ganin yadda ake gina ibada tun daga tushe, abin da ba ya samuwa a cikin al'adun da asalinsu ya ɓace a duhun zamani.

Wanda ya kafa Thelema wani Bature ne mutumin Ingila, Aleister Crowley, wanda aka haifa a 1875 ya mutu a 1947. Ya yi da'awar cewa a birnin Alƙahira, cikin kwana uku na watan Afrilu 1904, wata murya ta yi masa shiftar littafin da ya kira Littafin Doka. Kalmar Thelema kuwa ta Girkanci ce, ma'anarta nufi, watau kowane mutum ya gano ainihin nufin rayuwarsa ya bi shi. A 1913 yana birnin Mosko ya rubuta ibadar da ake kira Gnostic Mass, bayan da tsarin ibadar Cocin Rasha ya burge shi. An buga ta a 1918, kuma tun daga 1933 wasu mabiyansa a Hollywood ta Amurka suka riƙa yin ta a bainar jama'a. Ita ce babbar ibadar ƙungiyar Ordo Templi Orientis.

To, bari mu shiga ɗakin. A gabas akwai babban bagade mai tsawon ƙafa 7, da faɗin ƙafa 3, da tsayin inci 44, an lulluɓe shi da jan ƙyalle, ana hawa gare shi ta matakala uku. A bisansa akwai kyandirori 22, da littafin, da ƙoƙon ruwan inabi, sa'an nan babban labule ya kewaye su. A tsakiyar ɗaki akwai ƙaramin baƙin bagade na turare, bayansa kwanon ruwa, can ƙarshen yamma kuma kabari a tsaye. Duka suna kan layi ɗaya daga yamma zuwa gabas, kuma ibadar gaba ɗayanta tafiya ce a kan wannan layi.

Masu gudanarwa biyar ne. Akwai Firist namiji mai riƙe da mashi, da Firist mace mai rataye da takobi, da Dikon mai ɗauke da littafi, da Yara biyu, ɗaya da tulun ruwa da gishiri, ɗaya da kaskon wuta da turare. A yawancin wurare manya ne suke tsayawa a matsayin Yaran.

Dikon ne yake buɗe ƙofa, ya shigo da jama'a, ya sumbaci littafin sau uku, ya aza shi a wurinsa, ya juyo yamma. Daga nan sai Firist mace ta shigo, Yaro ɗaya a gabanta, ɗaya a bayanta. Ba ta nufar kabarin kai tsaye. Sai ta yi tafiyar maciji, ta kewaya bagaden turare ta hannun agogo, ta kewaya kwanon ruwa ta akasin haka, ta haɗa su biyun ta kewaye, har zagaye ya cika uku da rabi. Da ta isa yamma sai ta zare takobi ta yaye labulen kabarin. Firist ya fito da farar riga kawai, mashi a tsaye cikin hannuwansa biyu, ya yi taku uku, ya miƙa mata mashin, ya durƙusa. Ita ce za ta tsarkake shi da ruwa da gishiri, ta turara shi, ta sa masa riga ja mai ruwan zinariya, ta ɗora masa kambi.

A nan ne al'amarin yake juyawa. Shi da aka tayar daga kabari sai ya kama hannun damanta, ya kai ta gabas, ya zaunar da ita bisa bagade, littafin a buɗe a ƙirjinta. Ya yi mata yayyafi da turare kamar yadda ta yi masa, ya ja labule ya rufe ta. Sa'an nan ya kewaye ɗakin sau uku, Dikon da Yara na bayansa, ya hau matakalan nan ɗaya bayan ɗaya, kowace da jawabinta, har ya buɗe labulen da tsinin mashi. Dikon ya karanta addu'o'i 11, ciki har da na rana, da wata, da haihuwa, da aure, da mutuwa. A ƙarshe kowane mai halarta ya fito shi kaɗai, ya ci waina guda, ya sha ƙoƙon ruwan inabi, ya gitta hannuwansa a ƙirji. Firist ya rufe labule, ya sa wa jama'a albarka, ya koma kabarin da ya fito.

Jama'a, me muka gani? Da farko mun ga cewa motsin jiki magana ne. Ko da mutum bai ji kalma ɗaya ba, idonsa zai gaya masa cewa babu wanda ya ɗaukaka kansa a cikin su biyun: ita ta tayar da shi, shi ya zaunar da ita. Crowley ya nufi a ga haɗuwar namiji da mace a matsayin asalin halitta, mashi da ƙoƙo kuwa su ne alamominsu. Wannan shi ne ya sa Kirista da yawa suke ganin ibadar a matsayin cin fuska ga tasu, tun da an ari siffarta an zuba mata wata ma'ana dabam.

Na biyu, mun ga abin mamaki. Addinin da ya ce kowa ya bi nufinsa, shi ne kuma ya ƙidaya wa masu ibadarsa taku, ya auna musu bagade da inci. Mabiya sukan amsa da cewa nufin da ake magana ba son zuciya ba ne, kuma ba a gano shi sai da horo. Amma rayuwar Crowley kansa ta jefa shakka a kan wannan amsa. Ya daɗe yana fama da shan miyagun ƙwayoyi, gidan ibadar da ya buɗe a Cefalù ta tsibirin Sisili a 1920 kuwa bai wuce 1923 ba, lokacin da wani matashi almajirinsa ya mutu a can, gwamnatin Mussolini ta kore shi daga Italiya. Kyan tsari bai isa ya zama shaidar gaskiya ba.

Wannan shi ne abin da ya shafe mu. Mu ɗalibai, da waɗanda suka fara aikin gwamnati a cikinmu, za mu yi ta shiga wuraren da aka tsara wa ya shiga gaba, wa ya zauna a sama, wa ya riƙe sanda. Irin wannan tsari yana da ƙarfin sa zuciya ta sallama tun hankali bai yi tambaya ba. Wajibinmu ne mu koyi karanta shi: wa ya rubuta, daga ina ya aro, me yake so mu ji? Wanda ya yanke hukunci bai duba ba ya yi zalunci, wanda kuma ado ya ruɗe shi ya yi wauta. Masu iya magana sun ce gani ya kori ji, mu kuma muna ƙarawa da cewa gani ma sai an haɗa shi da tunani.