Ciwon Gwiwa Da Haɗin Kemis: Jawabin 'Yar Uwarmu Ma'aikaciyar Jinya A Taron Zagayowar Ranar Kafa Ƙungiya

Shugaba, iyayenmu mata, yayye da ƙanne, da mazajenmu da suka daure suka zo, barkanmu da wannan rana. An ce in yi magana kan lafiya, to ni kan abu ɗaya zan tsaya: ciwon gwiwa da baya da ƙugu da ke kama mu idan mun haura arba'in, da abin da muke sha don mu iya fita nema.

Kowa ta san aikinmu. Mai tsintar riɗi a sito a Bompai a duƙe take wuni. Mai ware robobi a Sharada ma haka. Mai sayar da abinci a ƙofar kamfanonin fata na Challawa tun asuba take kokawa da tukunya da jarka. A shekara ashirin ana haka, guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan gwiwa zai fara cinyewa, shi ne muke cewa sanyin ƙashi. Ga al'ada ta ɗauke, galibi tsakanin shekara 45 da 55, ƙashi ya ƙara rauni. Ba sammu ba ne, ba kuma kishiya ba ce, ko da yake na ga wasu suna harara ta.

Tunda in ba a fita ba babu kuɗin yini, sai mu biya kemis mu ce a haɗa mana na ciwon jiki. A ƙulle mana ƙwayoyi huɗu ko biyar a leda, babu suna. 'Yan uwa, sau da yawa a ciki akwai diclofenac da ibuprofen da piroxicam. 'Yan gida ɗaya ne, haɗa su ba ya ƙara sauƙi, illa kawai yake ninkawa. Suna jawo gyambon ciki, suna tayar da hawan jini, suna cin ƙoda. Wani lokaci a jefa dexamethasone, ki ga fuska ta cika ki ce kin murmure, alhali suga ce ke hawa, ƙashi na ƙara lalacewa. Wadda ta daɗe tana shan wannan kada ta yanke shi dare ɗaya, ta ga likita ya rage mata a hankali. Tramadol kuwa, shi ma kama mutum yake kamar kodin, wanda gwamnati ta hana a maganin tari a 2018 bayan abin da ya yi wa 'ya'yanmu.

Ƙoda ba ta kuka da wuri. Ranar da za ta yi magana, an kai ga wanki sau biyu ko uku a mako. Ku faɗa min adashin da zai ɗauki wannan.

To me za a yi, tunda ciwon gaskiya ne? A fara da farasitamol, kada a wuce ƙwaya 8 masu lamba 500 a yini da kwana, a raba su. Akwai na shafawa, akwai gashi da tsumma da ruwan ɗumi. Ki nemi benci maimakon duƙawa, ki miƙe ki taka lokaci-lokaci. Jarka mai lita 25 a raba ta biyu. Rage ƙiba, ko kaɗan ne, gwiwa tana ji. Asibitin Ƙashi na Dala yana da sashen gashi da motsa gaɓɓai, kuma ba sai wanda ya karye ba.

Amma idan kin ga bayan gida baƙi kamar kwalta, ko ƙafa ta kumbura, ko fitsari ya ragu, ko ciwon baya ya zo da mutuwar ƙafa da kasa riƙe fitsari, asibiti a ranar. Ba gobe ba.

Roƙona ga shugabanni: ƙungiya ta sayi na'urar awon jini, mu riƙa aunawa a taron wata, duk wadda ta maimaita 140 bisa 90 ko sama mu tura ta asibiti. Kwamiti ya je hukumar KSCHMA ya ji yadda za mu shiga tsarin taimakekeniyar lafiya a ƙungiyance. Sannan a ware wani abu daga ribar bana da zai riƙe mace kwana biyu ko uku idan ciwo ya kwantar da ita, domin tsoron rasa kuɗin yini ne ke kai mu kemis.

Wadda ke da haɗi a jaka yanzu, ta same ni bayan an tashi mu duba tare.