Abu Ali da Sojoji Shida na Malam Fatori

  Kafin ku iso Talata Mafara kun wuce shingen sojoji, wataƙila ba ɗaya ba. Maganarmu ta yau a kan wani mai irin wannan kaki ce. A Borno ya faɗi, ba a Zamfara ba, amma za ku ga inda labarinsa ya shafe mu.

Sunansa Laftanar Kanar Muhammad Abu Ali. An haife shi a 1980. Mahaifinsa, Birgediya Janar Abu Ali, ya yi gwamnan soja a jihar Bauchi daga 1990 zuwa 1992, daga baya ya zama sarkin Bassa Nge a jihar Kogi. Ku lura da wannan. Ɗan gwamna ne, ba talauci ne ya kai shi aikin soja ba. Ya yi sakandare a makarantar sojoji ta Jos, ya shiga makarantar horar da hafsoshi ta Kaduna a 1998, ya fito a 2003 a sashen tankokin yaƙi.

A farkon Janairun 2015 Boko Haram suka ci garin Baga da ke bakin Tafkin Chadi. Suka kashe mutane masu yawa, suka ƙone gidaje, waɗanda suka tsira suka gudu ta ruwa da ta daji. Baga ba baƙon suna ba ne a wurinmu. Bandar kifinta tana zuwa kasuwannin Arewa, kuma masunta daga ƙasar Sakkwato da Kabi sun daɗe suna zuwa can neman abinci. A watan Fabrairu na wannan shekara sojoji suka ƙwato garin. Abu Ali, yana Manjo a lokacin, shi ne ya ja tankokin da suka shiga. Haka kuma ya yi a Monguno da Gamboru Ngala. A Satumba 2015 shugaban sojojin ƙasa na lokacin, Laftanar Janar Tukur Buratai, ya je Gamboru ya ɗaura masa sabon muƙami tun lokacin ƙarin girmansa bai yi ba. Jama'a suka sa masa suna Sarkin Yaƙi.

Abin da sojojinsa suka fi tunawa da shi ba yawan garuruwan ba ne. Shi ne a gaba yake tafiya. Duk wanda ya taɓa yin gayya ya san bambancin mai gona da ke zaune a inuwa yana ba da umarni da wanda ya riƙe fartanya a kunyar farko. Ga wanda ke gaba kuwa, harsashi ba ya tambayar muƙami.

Daren Juma'a, 4 ga Nuwamba 2016, 'yan Boko Haram suka kai hari sansanin sojoji a Malam Fatori, ƙaramar hukumar Abadam, dab da iyakar Nijar. An kore su, amma Abu Ali ya rasa ransa a wurin. Shekarunsa 36. Ya bar mata da 'ya'ya uku. Ranar Litinin, 7 ga wata, aka binne shi a maƙabartar sojoji ta ƙasa a Abuja, har Janar Buratai ya zubar da hawaye a gaban jama'a. Musulmi ne, kuma garuruwan da ya ƙwato akwai masallatai da majami'u a cikinsu. Bai tsaya tambayar na wa zai tsare ba.

To, ga inda muke so mu daɗe. A ranar nan ba shi kaɗai aka binne ba. An binne wasu sojoji shida tare da shi. Sunan Abu Ali ya cika rediyo da jaridu, kuma ya cancanta. Amma shidan nan su ma suna da iyaye, suna da waɗanda suke jiran albashinsu a ƙarshen wata domin kuɗin makaranta da buhun taki. Ƙaramin soja yakan fito ne daga gida irin namu.

Mu ma a nan mun ga irin wannan. A Fabrairun 2021 aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe. A Agusta aka shiga Kwalejin Aikin Gona ta Bakura, aka kashe ɗan sanda da masu gadi, aka tafi da ɗalibai da ma'aikata. Ranar 1 ga Satumba aka ɗebi ɗalibai a makarantar Kaya ta Maradun. A cikin wannan Satumba, lokacin da aka katse layukan waya a jihar nan, 'yan bindiga suka afka wa sansanin tsaro na Mutumji a ƙaramar hukumar Maru, suka kashe jami'ai 12. Labarinsu ya iso mana a matsayin adadi kawai, aka ce sha biyu, muka ce Allah ya kyauta, muka koma harkokinmu.

Mun san waɗansunku suna da ƙorafi, kuma ba za mu ce ku haɗiye shi ba. Akwai ƙauyen da ya kira taimako, taimako bai zo ba sai bayan an gama ɓarna. A Janairun 2025 jirgin yaƙi ya yi kuskure a Tungar Kara, ya kashe 'yan sa-kai da mutanen gari. Wannan duka gaskiya ne, kuma ya kamata hukuma ta amsa tambaya a kansa. Amma gwauruwar soja ba ita ta yi kuskuren ba, marayunsa ma haka.

Abin da yakan faru da ita ke nan. Bayan mutuwar miji, zaman bariki yakan ƙare, sai ta dawo ƙauye da yara. Doka ta ba ta hakkoki: akwai kuɗin inshorar rai, akwai kuɗin mutuwa da ke bi ta Hukumar Fansho ta Sojoji a Abuja, akwai kuma tallafin karatun 'ya'yan sojan da ya mutu a bakin aiki. Sai dai ana biyan kuɗin ne ga wanda sojan ya rubuta a matsayin magajinsa. Sau da yawa saurayi yakan rubuta sunan mahaifinsa ko wansa ranar da ya shiga aiki, ya yi aure ya haihu, bai koma ya canza ba. Daga nan rigima take tasowa tsakanin gwauruwa da dangin miji. Dattawa, a nan ne ake bukatarku. Ku zaunar da su tun kuɗi bai fito ba. Ku kuma da 'ya'yanku ke aikin soja yanzu, in sun zo hutu ku tambaye su sunan wa suka rubuta.

Kowace shekara, ranar 15 ga Janairu, ƙasa tana tunawa da sojojin da suka mutu. Kafin ranar ta zagayo, muna roƙon kowace ikilisiya ta rubuta mana sunayen gwauraye da marayun sojoji da 'yan sanda da ke ƙauyenta, Kirista ko Musulmi. A tambayi kowace ko tana da lambar aikin mijinta, da takardar shaidar mutuwa, da takardun haihuwar yara. Wadda ba ta iya karatu ba, a haɗa ta da wanda zai raka ta. Zumuntar mata za ta karɓi sunayen, sakataren ikilisiya ya kawo mana su a taro mai zuwa.